Hoton da ya ce ƙanena lafiya lau yake

Shekarun baya masu dama, lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba, aka dawo da mahaifina aiki Gusau daga Sakkwato, muka kama hayar gida a Tudun Wada. Ni a lokacin ina 'yar sakandare, irin yaran nan da in suka zo na ɗaya a aji sai maƙwabta sun gaji da jin labari. Mu mata ne reras a gidan, sai autanmu namiji ɗaya tilo, wanda tun yana rarrafe mahaifina ya gama yanke masa aikin injiniya. Labarin autan nan nake son ba ku yau, saboda wata baiwar Allah daga cikinku da ta turo mini saƙo tana kuka, wai ɗanta ya kai aji huɗu bai iya karatu ba, uban kuma ya fara cewa taurin kai ne.

Ƙanena ba daƙiƙi ba ne, wannan ko wanda ba ya sonsa ya shaida. Rediyon mahaifina in ta ɗauke, shi yake kwance ta da tsinin wuƙa ya mayar, ta ci gaba da surutunta. A makarantar allo sau ɗaya malam yake biya masa, gobe ya kawo hadda ba gargada. Abin da babu wanda ya lura da shi a cikinmu shi ne da kunne yake yin komai. Kullum da yamma sai ya kawo mini littafin karatunsu ya ce, "Yaya, karanta min in ji muryarki." Ni kuwa da son a yaba, sai in gyara zama in karanta har da sauya murya. Ashe ɗauka yake yi kamar kaset. Washegari in an tashe shi a aji sai ya riƙe littafin, yana jan yatsa a kan layi, yana zubo abin da ya ji daga bakina. Da haka ya kai aji huɗu.

Wani sabon malami ne ya tona asirin, kuma ba da mugun nufi ba. Ya ce masa ya fara daga tsakiyar shafi. Ƙanena ya ɗora yatsa a tsakiyar shafin, ya fara zubo karatu daga farko. Aji ya fashe da dariya. Malamin ya rubuta masa kalma guda a kan allo, ya tsaya yana kallonta har aka tashi tara. A ranar malamin ya biyo shi gida ya faɗa wa mahaifina.

Mahaifina mutumin takarda ne. Ba ya karin kumallo sai da jarida, kuma a wurinsa wanda bai iya karatu ba rabin mutum ne, ko da yake ba ya faɗa a fili saboda danginmu na ƙauye. Bayan malamin ya tafi ya kira auta, ya shimfiɗa jarida a gabansa, ya nuna babban rubutun da ke sama.

"Mi anka rubuta nan?"

Auta ya ƙura wa jaridar ido.

"Da kai nike magana."

"Baba, baƙaƙen ba su tsayawa min wuri guda. In na kama na hwarko, kahin in kama na biyu, na hwarkon ya ɓace."

"Baƙaƙen ƙahwa gare su? Yaron da ka biya Yasin da ka, shi za ya ce min layi guda ya gagare shi? Ƙi na, ba kasawa ba ta."

Daga ranar dorina ta shigo gidanmu. Ba na son in tsaya a kan wannan, domin mahaifina ya riga mu gidan gaskiya, kuma na san tsoro ne yake cinsa. Amma na ga ƙanena ya koma yaron da in ya ji ƙarar babur ɗin Baba a ƙofar gida sai ya shige bayan randa.

Abu ɗaya ne yake tsayar da hannun mahaifina. Lokacin da auta yake ɗan shekara uku, mun je Tsafe gidan kawunmu, wan mahaifiyata, ya faɗo daga kan amalanke ya bugu a ka har ya suma. Kuma mahaifina ne da hannunsa ya ɗora shi a kan amalanken. Saboda haka duk sanda ya ɗaga dorina, sai mahaifiyata ta shiga tsakani ta ce, "Malam, ka tuna hwaɗuwar amalanke. Yaron ga ba shi da lahiya, tun ranar nan kanshi bai koma daidai ba." Sai ka ga hannun ya sauka a hankali, ya juya ya fita. Ban san ko ita kanta ta yarda da maganar a farko ba, amma yau da gobe ta zauna mata, mu ma ta zauna mana. A gidanmu auta mara lafiya ne, kuma ba a dukan mara lafiya.

Magani kuwa babu irin wanda ba a yi ba. Ya sha rubutu har haƙoransa suka fara sauya launi. Ya sha zuma da habbatussauda, ya ci zabibi da safe kafin ya yi magana da kowa. In an yi layya ƙwaƙwalwar rago tasa ce shi kaɗai, muna kallo muna haɗiyar yawu. Yaro ya yi kumatu ya yi sheƙi, karatu yana nan inda yake. Ni ma na gwada tawa bajintar, na samo alli na mayar da ƙofar kicin allo, na ce a kira ni Malama. Kwana biyu makarantar ta yi ta rushe, domin malamar ta fi ɗalibin saurin kuka.

Da dogon hutun damina ya zo sai goggonmu ta zo daga Bungudu. Yayar mahaifina ce, ta yi shekaru tana koyarwa a firamare har ta yi ritaya, kuma ita kaɗai ce a duniya take yi wa mahaifina magana yana sunkuyar da kai. Ta zauna ta saurari kowa, ta kira auta ta yi ta hira da shi a kan rediyo, ba ta ko nuna masa takarda ba. Sannan ta ce, "Ku ba ni shi hutun ga. Na koyar da ɗiyan mutane har kaina ya yi hwari, kuma ba ajin da na riƙa ban iske irinshi guda ko biyu ba." Aka haɗa ni da shi, wai in riƙa ɗebe masa kewa.

Na zaci za mu tarar da tulin littattafai. Washegarin zuwanmu Goggo ta miƙa mana tsohon bokiti ta ce mu bi ta bakin gulbi. Laka muka ɗebo, irin mai danƙo da mata ke gina tukwane. Ta zauna a tsakar gida ta mulmula ta kamar za ta yi igiya, ta lanƙwasa ta fitar da baƙi guda mai girman tafin hannu, ta sa shi ma ya yi nasa. Aka shanya a ƙarƙashin rumfa saboda ruwa. Da suka bushe sai ta ce ya rufe ido, ta ɗora masa a hannu, ya shafa, ya faɗi sautin da baƙin yake yi a baki. Daga nan ya zana shi da yatsa a cikin yashi, ta zana masa shi a gadon baya ya canka. Kalma kuwa da tafi suke raba ta, gaɓa ɗaya tafi ɗaya, har yaran maƙwabta suka riƙa leƙowa suna zaton gaɗa ake yi.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Abin da ya iya yau, gobe sai ya tashi kamar bai taɓa ganinsa ba. Ni da nake gefe ina tsinkar zogale sai raina ya ɓaci a madadinta, in ce, "Haba auta, jiya-jiyan nan fa!" Goggo ko ɗaga kai ba ta yi, sai dai ta ce, "Ke, zogalenki." Ta sake ɗora masa baƙin a hannu kamar yau suka fara. Wata rana na tambaye ta ko faɗuwar amalanken ce ta jawo. Ta ce ita ba likita ba ce, ba ta san abin da ke cikin kai ba, abin da ta sani shi ne irin waɗannan yaran in an bi da su ta hannu da kunne suna isowa, sai dai a makare, kuma tsawa tana mayar da su baya.

Ana saura 'yan kwanaki hutu ya ƙare, muka raka ta kasuwa. Muna cikin tafiya sai na waiga ban ga auta ba. Can na hango shi tsaye a gaban wata ƙofar langa-langa da aka yi wa rubutu da farin fenti, yana motsa baki, yatsansa yana zane a kan cinyarsa. Na buɗe baki zan kira shi, Goggo ta damƙe mini hannu. Mun daɗe a tsaye, masu kaya suna ture mu. Sai ya juyo, idonsa waje, ya ce, "Goggo... a-kwai... ƙan-ƙa-ra. Akwai ƙanƙara! Haka anka rubuta?" Babu wanda ya taɓa karanta masa wannan ƙofar. Goggo ta shiga gidan ta sayo masa ƙanƙarar zoɓo a leda, ta miƙa masa, ta juya tana gyara lulluɓinta ta daɗe. Shi kuwa ya ƙi sha, ya riƙe ta a hannu har ta narke tana ɗiga a rigarsa.

Da muka koma Gusau, Goggo ta kawo shawara: a bar mata shi shekara guda a Bungudu, a mayar da shi aji biyu a makarantar kusa da ita, ta ci gaba da abin da ta fara. Mahaifina ya ji nauyin abin. Ɗan ma'aikaci, ɗa namiji tilo, a mayar da shi baya aji biyu a garin da kowa ya san gidansu? Ya ce zai yi tunani, Goggo ta koma Bungudu. Muka zuba ido, domin mun san makomar auta tana cikin wannan tunanin.

A cikin kwanakin ne wani abokin aikinsa ya ba shi labarin cewa a ƙasashen Turawa har hoton ƙwaƙwalwa ake ɗauka a ga abin da ya hana yaro karatu. Mahaifina ya faɗe shi ne kawai a bakin tuwo, amma mahaifiyata ta cafke. Lissafinta mai sauƙi ne. In aka ɗauki hoto aka ga tabon faɗuwar nan ƙuru-ƙuru, Malam zai yarda ciwo ne, ya ajiye dorina har abada, ya bar wa Goggo yaro ba tare da jin kunyar kowa ba. Ta dame shi safe da yamma har ya gaji ya ce to. Babu wanda ya aika wa Goggo, don a ganinmu albishir za mu kai mata.

Ranar da za a je, mahaifiyata ta sa aka kira wanzami ya yi wa auta aski ƙwal, wai kada gashi ya tare hoton. Ta fito masa da kayan sallarsa, ta shafa masa mai, ta sa masa kwalli, tunda dai hoto za a ɗauka. Har yau in na tuna sai in yi murmushi, sai kuma murmushin ya ɗauke. Wani asibitin kuɗi muka je a cikin gari. Da mai ɗaukar hoton ya kwantar da shi a kan teburin ƙarfe, sai na ji ya ce, "In yi dariya ko in game baki?"

Irin hoton da ake yi wa wanda ya karye ne aka yi masa. A lokacin mu duk hoton asibiti ɗaya ne a wurinmu. Likitan, wani matashi mai sanyin murya, ya ɗaga baƙar ledar hoton a jikin fitila, ga ƙoƙon kan ƙanena fari tas, har da haƙoran da ba su gama fitowa ba. Ya ce babu tsaga, babu alamar tsohon rauni. Kuma don Allah ya yi ƙoƙari, ya ce wannan hoton ƙashi kawai yake nunawa, ba ya ganin ƙwaƙwalwa, na'urar da ke leƙa ciki sai manyan asibitocin nesa, kuma ko ita bai tabbata za ta nuna abin da ke hana yaro karatu ba. Mahaifina ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Likita, tambaya guda ni ka yi maka. Ka ga ciwo?"

"Ban gani ba, amma..."

"To madalla. Mun gode."

A barandar asibitin mahaifiyata ta zauna a kan benci ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Matan da ke jiran layi suka taso suna ba ta haƙuri, suna shafa kan auta, suna cewa Allah ya ba shi lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Ba su san kukan an ce lafiyarsa lau take yi ba. Shi kuwa yana tsaye cikin kayan salla yana kallonta, bai gane komai ba tukuna.

Da muka isa gida mahaifina ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga hoton a rana ya daɗe yana kallo. Na yi zaton zai ɗauko dorina. Da ya ɗauko ta ma da ya fi mana sauƙi. A hankali ya ce, "Wata nawa ina aje hannuna don anka ce min ni na jawo mai ciwo. Ashe kanshi ya hi nawa lahiya." Ya mayar da hoton cikin ambulan ɗinsa. Ya ce ba zai ƙara zubar da mutuncinsa a ofishin hedimasta ba, ba kuma zai kai shi Bungudu a yi ta lallashinsa ba. Tunda ba ya son biro, ya tafi Tsafe wurin kawu ya koyi noma da awon hatsi. Mahaifiyata ta kasa shiga tsakani, domin maganar da take tare shi da ita ita ce da kanta ta kai aka goge.

Ni na je tasha na ba wani direban Bungudu saƙo. Washegari da hantsi sai ga Goggo, ɗauke da babban kwanon sha an ɗaure shi da ɗankwali, baƙaƙen laka ne a ciki. Ba ta ko sha ruwa ba ta sa aka shimfiɗa tabarma, ta ce wa mahaifina ya zauna ya gani da idonsa. Ya miƙo jarida, ta ture ta. Ta zaɓo baƙaƙe huɗu ta jera a gaban auta. Ina tsaye a bayansa, na ga abin da ta jera: Baba. Kalmar da ta fi kowace sauƙi, wadda ya karanta mata ba sau ɗaya ba a Bungudu.

Auta ya durƙusa. Mahaifina yana zaune a gabansa, ambulan ɗin hoton a kan cinya. Yaro ya kai hannu ya ɗauki baƙin farko don ya shafa kamar yadda ya saba. Ya kalli baƙin, ya kalli Baba. Leɓensa ya motsa, murya ba ta fito ba. Goggo ta ce, "Sannu-sannu, ba mai korarka." Gumi ya keto masa a sabon askin nan. Sai baƙin ya suɓuce ya faɗi a kan siminti ya rabe biyu.

Mahaifina ya miƙe ya ce, "Yaya, na gode da wahalarki. Amma wasan laka ya isa haka nan."

Goggo ta ce, "Hoton ga ƙashi ya gani. Ni yaro ni gani, kuma na ga ya karanta da idona. Tsoronka na ya ɗaure mai baki."

"Likita ya duba, bai ga komi ba."

Ranar ce kaɗai na ga ya ƙi sunkuyar mata da kai. Ta tafi ko sallama ba ta yi masa ba, ta bar kwanon a tsakar gida.

Ni na raka auta tasha ranar da zai tafi, da 'yar jakarsa ta buhu. Ya shiga mota ya zauna a bakin taga, bai yi kuka ba. Sai da direba ya tayar da mota ya leƙo ya ce, "Yaya, na san abin da Goggo ta jera. Baba na. Bakina na ya ƙiya." Na koma gida ina kuka a kan titi kamar ƙaramar yarinya. Kwanon kuwa mahaifiyata ta ɗora shi a kan katanga don kada yara su taɓa, ta kasa buɗe shi ta kasa zubarwa. Ruwan ƙarshe na daminar nan ya sauka a kansa, da muka sauke shi laka ce kawai a ciki.

Ƙanena bai lalace ba, alhamdu lillahi. Ya zama ɗan kasuwar hatsi a Tsafe, ya yi aure, yana da 'ya'ya. Amma bai ƙara riƙe littafi ba. Tsakaninsa da mahaifina sai gaisuwa da ladabi, yana aiko da buhunan gero duk kaka, Baba yana sa albarka, babu mai kallon idon wani. Haka har Allah ya karɓi ran mahaifina, Goggo ma ta bi shi. Da waya ta zo, saƙon murya kawai yake turo mana, muna tsokanarsa wai ya cika son jin muryarsa, yana dariya.

Sai Allah ya ba ni 'ya mai irin kansa. Tana aji biyu na ga tana jan yatsa a kan layi tana zubo abin da na karanta mata jiya, nan take na tuna da ƙanena. A garin da nake aure aka haɗa ni da wata malama da ta karanci irin wannan matsalar. Ta gwada ta, ta ce a Turance ana kiran abin disleksiya, ba ciwo ba ne, ba kuma rauni ba, yadda ƙwaƙwalwa take haɗa baƙi da sautinsa ne ya bambanta, kuma yana bin jini. Ta nuna mini wasu hotuna a kwamfuta, irin waɗanda ake ɗauka yaro yana cikin karatu, suna nuna sashen da ke aiki a lokacin. Ta ce a wurin irin waɗannan yaran wani sashe ba ya tashi sosai, amma in an daɗe ana koyar da su ta hanyar da ta dace, sai a ga ya fara tashi. Na ce to a ina za a ɗauki 'yata? Ta ce ba ta bukatar hoto, masu bincike ne suke ɗauka don su fahimta, ita koyarwa kawai take bukata. Sannan ta buɗe kabad ta fito da faranti cike da yashi, da baƙaƙen roba masu girman tafin hannu.

Dariya na fara yi, malamar tana kallona. Daga nan ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Ban iya faɗa wa ƙanena wannan a waya ba. Na shirya na tafi Tsafe, duk da hanyar ba kamar da ba ce. Na same shi a rumfarsa yana auna wa wata mata dawa, furfura ta fara fito masa a gemu. Da ya sallame ta na zauna a kan buhu na kwashe komai na faɗa masa, har da yashin da baƙaƙen roba. Na ce masa hoton da aka yi masa ko shekara dubu za a yi ana kallonsa ba zai nuna abin ba. Ya riƙa shafe bakin tiyar awo da tafin hannu, alhali babu komai a cikinta.

Can ya ce, "Kenan da gaske nike, sa'ad da nike cewa ba su tsayawa?"

Na ce, "Da gaske kake."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kin san, Yaya, ba Baba kaɗai ya yarda da hoton nan ba. Ni ma na yarda. Shekarun ga duka, in na ga takarda sai in ce ma kaina, kai dai maƙaryaci na, likita ya duba bai ga komi ba."

Wannan maganar ita ce ta fi yi mini ciwo a cikin labarin duka, kuma har yau ba ta daina ba. Ina jin takaicin makarantar da ya rasa, amma mutane da yawa sun rasa makaranta sun rayu. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yaro ɗan aji huɗu ya faɗi gaskiyar abin da yake ji, a kawo takardar asibiti a ce ƙarya yake yi, har shi ma ya koma bayan takardar. Ba na zargin likitan, ya faɗi iya abin da ya gani. Ba na iya zargin mahaifiyata, so ne ya kai ta. Mahaifina ma na daina yi masa hisabi, sai addu'a. Ke da kika turo mini saƙo, abin da zan ce miki kaɗan ne: in ɗanki ya ce ba ya iyawa, ki fara yarda da shi, sannan ki nemi mai haƙurin da zai zauna da shi. Ba duk abin da ke damun yaro ne yake fitowa a hoto ba.

Da zan tafi ya rako ni tasha, ya sa yaransa suka ɗora mini gero a but ɗin mota. Na shiga na zauna a bakin taga. Ya dafa ƙofar ya ce, "Ɗiyar taki, ta hwara karantawa?"

Na ce ta fara, a hankali. Makon jiya ma ta tsaya a gaban wani shago ta karanta abin da aka rubuta a ƙofa, ita kaɗai.

Ya kawar da kai yana kallon masu talla, ya daɗe bai juyo ba. Sannan ya ce, "To in kin koma ki saya mata ƙanƙara. Ki ce in ji kawunta."

Na saya mata ta zoɓo, a leda. Ita ta shanye tata nan take.